Atiyyat Mai Fisik da Abin Awon Jininta

A garinmu na bakin tafkin Burullus babu wanda bai san Khalti Atiyyat ba. Wanda bai san fuskarta ba ma ya san tafiyarta, don tun daga nesa za ka hango baƙar abaya tana keta kasuwa kamar an biyo ta. Yayar mahaifiyata ce, shi ya sa nake ce mata Khalti. A gabanta ana ce mata Ummu Ridwan, da sunan babban ɗanta, a bayan idonta kuwa Mai Fisik, wato mai kifin gishiri, domin sana'arta ke nan tun tana 'yar shekara goma. Takan sayi kifin buri a hannun masunta, ta shanya shi har ya kumbura, sannan ta danna shi a gangunan katako, shimfiɗar kifi ɗaya, shimfiɗar gishiri ɗaya, ta rufe sai bayan kwana arba'in. A wurin uwarta ta gada, uwar ma a wurin tata uwar. Tafin hannunta duk ya tsattsage saboda gishiri, idan ta shafa maka kai sai ka ji kamar an goga maka soso.

Ban taɓa ganinta ta gama cin abinci a zaune ba. Za ta yagi gurasa ta dangwala, tana taunawa tana leƙa ganga, tana yi wa mai kawo gishiri faɗa, tana tambayar maƙwabciya jikin jikanta. Mahaifiyata takan ce tun suna yara haka take, kamar wadda ta taka garwashi.

Mijinta, Ammu Ashur, kafintan kwale-kwale ne, shi kuma Allah ya yi shi da sanyin jiki. Zai iya shafe rabin awa yana kallon katako kafin ya ɗora masa zarto. Shayinsa baƙi ne wuluk da sukari cokali huɗu, shisharsa kuma ba ta mutuwa daga la'asar zuwa magariba. Shekara talatin da shida suna tare, ita tana gaba tana faɗa, shi yana baya yana murmushi.

Ni sunana Insaf, ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin. Ta dalilin aikin nan na shiga labarin, kuma ba ta ƙofa mai daɗi ba. Wata rana Ammu Ashur ya zo da yanka a hannu, kurfin sassaƙa ya kufce masa. Da na gama ɗaure masa sai na ce bari in auna jininsa tun da ya shigo. Ɗari da saba'in a kan ɗari. Bayan mako guda muka sake, bai sauka ba. Likita ta rubuta masa magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ya sha na mako biyu, sai ya fara ƙorafin yawan fitsari, wai yana tsakiyar aiki sai ya ajiye guduma. A gabana Khalti ta ɗauki kwalin ta jefa saman kabad.

"Mutum lafiyarsa ƙalau, yana ɗaga katako shi kaɗai, kun laƙaba masa ciwo," in ji ta. "Kansa na ciwo? Ba ya yi. Jiri yake gani? Ba ya gani. To maganin me?"

Na ce, "Khalti, ai shi hawan jini ba ya sallama."

"Ke da na share wa majina, yau ke ce za ki koya mini jikin mijina? Tashi ki miƙo mini murfin can."

Na miƙa mata murfin. Har yau ina tuna cewa murfin kawai na miƙa mata.

Shekara biyu bayan nan, saura kwana huɗu bikin Shammun Nasim, lokacin da kowane gida sai ya ci fisik da albasa mai lawashi, Ammu Ashur yana taya ta gangaro da ganguna ƙofar shago da misalin ƙarfe takwas na safe. Ya tsaya ya karɓi kofin shayi, sai kofin ya suɓuce ya fashe. Ta juyo za ta yi masa faɗa, ta ga bakinsa ya karkace gefe ɗaya, yana son magana harshen ya ƙi. Ranar ina can birnin Kafrush Shaikh wurin wani kwas, wayata a kashe cikin jaka.

Aka kwantar da shi a ɗaki. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da tasa. Wannan ta ce iska ce ta buge shi, a shafa masa man zaitun mai ɗumi. Waccan ta ce a soka masa allura a yatsu jini ya fita. Wani ya tafi kiran malami ya yi masa tofi. Khalti ta yi duk abin da aka ce, ta ƙara da nata, tana shiga tana fita, tana murza masa hannu, tana dafa tafarnuwa. Abu ɗaya ne ba wanda ya faɗa: a sa shi a mota. Sai bayan la'asar da na dawo na same shi haka, na fita titi ba takalmi na tare bas.

A babban asibiti likitan ya tambaye ta ƙarfe nawa abin ya faru. Ta ce wajen takwas. Ya dubi agogonsa.

"Hajiya, gudan jini ne ya toshe masa hanya a ƙwaƙwalwa. Akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai in an zo cikin awa huɗu da rabi. Yana shan maganin hawan jini?"

Khalti ta juya ta kama tafiya a barandar asibitin, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har mai shara ta gaji da kauce mata.

Ammu Ashur bai mutu ba. Ya dawo gida ɓarin damansa a shanye, maganarsa kuma ta tafi, sai kalma biyu da suka rage masa a baki: "Shi ke nan." Ko yunwa yake ji, ko yana son a juya shi, ko murnar ganin jikansa yake, abin da zai ce ke nan. Khalti ta koyi bambanta su ta sauti. Ta sa aka fito masa da kujera ƙofar shago, inda zai riƙa ganin tafki da kwale-kwalen da ya ƙera suna wucewa.

Wata biyu bayan haka ina cikin yi wa jarirai rigakafi sai ga ta ta faɗo ɗakin, ko sallama ba ta gama ba.

"Koya mini abin nan da kuke ɗaura wa mutane a hannu."

Na ce ta jira in gama. Ba ta jira ba, ta wuce kai tsaye ofishin likitarmu, Dakta Nirmin, wadda a lokacin ba ta fi shekara guda da zuwa garin ba. Na bi ta a guje don in ba da haƙuri, sai na tarar likitar ta jawo wata doguwar takarda daga aljihun tebur. Sunayen mutane ɗari biyu da 'yan kai ne, duk waɗanda suka haura hamsin kuma aka taɓa samunsu da hawan jini ko ciwon suga, ko masu shan taba da iyayensu suka mutu da ciwon zuciya. An rubuta musu magani sun tafi, ba a sake ganinsu ba. Mun yi ta aika musu saƙo a waya, ko mutum goma ba su zo ba.

Khalti ba ta iya karatu ba, amma lambobi kam sikeli ya koya mata su. Ta ce a karanto mata sunayen. Likita tana karantawa, ita tana tsaye tana amsawa.

"Wannan ya rasu bara. Wannan yana Libiya wurin gini. Wannan ta koma gidan 'yarta a Baltim. Wannan kuwa, in ya ce muku ba shi da lokaci ƙarya yake, kullum yana gidan gahawa yana buga domino da tumbinsa kamar ganga."

Dakta Nirmin ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba ta aron wata na'ura mai batir da ke ajiye a kabad, da sharuɗɗa. Ba za ta ba kowa magani ba, ba za ta hana kowa nasa ba. Wanda za a auna sai ya zauna minti biyar tukuna, ba magana, ba shayi, ba taba. Wanda ya haura ɗari da arba'in a kan casa'in sau biyu, ta turo mana shi. Wanda ya kai ɗari da tamanin, a ranar.

"Minti biyar?" in ji Khalti. "Mutum ya zauna haka kawai?"

"Haka kawai, Ummu Ridwan."

Washegari kujerar roba ta bayyana a shagon fisik, a tsakanin ganguna. Duk mai furfurar da ya zo sayen kifi sai ta nuna masa kujera. Shi yana zaune yana zazzare ido, ita tana kewaya shi, ta goge sikeli, ta kori kuliyoyi, ta leƙa Ammu Ashur, ta dawo ta dubi agogon bango. Da farko mutane sun ɗauka abin wasa ne, har layi ake yi. Wasan ya ƙare ranar da ta fara hana ciniki.

Usta Subhi, direban bas ɗin da ke jigila tsakanin garinmu da Baltim, shi ne na farko. Ƙato ne mai jan fuska, sigari ba ya barin leɓensa. Ya zo sayen fisik kilo biyu, ta zaunar da shi, na'ura ta ce ɗari da casa'in a kan ɗari da goma.

"Babu," in ji ta.

"Babu me? Ga ganguna nan a cike."

"Na wasu ne. Kai ka wuce asibiti wurin Insaf, yanzu."

"Ke Ummu Ridwan, kifi na zo saye ko wa'azi? Shekara arba'in kina ɗura mana gishiri, yau kuma kin zama dakta? Ina takardarki? A ganga kika jiƙa ta?"

Masu jira suka kwashe da dariya. Ta nuna masa Ammu Ashur da ke zaune a ƙofa, miyau na zuba a gefen bakinsa.

"Ga takardata can. Je ka karanta."

Dariyar ta tsaya. Usta Subhi ya sauke hannun rigarsa, ya tsallaka titi shagon Garib, wani mai fisik, ya sayi kilo uku maimakon biyu, ya dawo ya wuce ta gabanta yana kaɗa ledar.

Ba shi kaɗai ba ne ya tsallaka. Kafin wata uku tsofaffin masu sayenta da dama sun koma wurin Garib, wanda ba ya tambayar kowa komai. Ridwan, wanda ya bar kamun kifi a tafki ya dawo taya ta shago tun da ubansa ya kwanta, ya kai bango.

"Umma, ki zaɓi ɗaya. Ko mu sayar da fisik ko mu buɗe asibiti. Wanda kika kora ai bai fasa ci ba, wajen Garib kawai ya koma. Me kika tsare?"

"Hannuna na tsare."

"To mu da me za mu ci?"

Ita ma ta san yana da gaskiya ta wani ɓangare. Kwana biyu tana juya maganar tana zarya tsakanin gida da shago. A rana ta uku ta sa aka kawo murhun gashi aka kafa a gefen ƙofa. Wanda na'ura ta hana fisik, ga ɗanyen buri nan a gasa masa da lemon tsami da kayan ƙamshi. Wanda kuma ya rantse sai ya ɗanɗana ranar biki, ta yanka masa gwargwadon yatsa biyu, ta ce wa matarsa ta jiƙa shi a ruwa ta zubar sau uku. Ridwan bai daina gunaguni ba, amma ya kama aikin gashin, kuma ya iya.

Matsalar ita ce mutanen takardar likita, galibinsu maza, ba sa zuwa sayen kifi da kansu. Suna gidan gahawar Mu'allim Fahim da ke bakin gada, inda mace ba ta taɓa zama ba tun da aka gina shi. Wata Laraba bayan la'asar Khalti ta rataya na'ura a kafaɗa ta shiga. Ƙarar domino ta ɗauke. Mu'allim Fahim ya taso yana goge hannu.

"Hajiya, lafiya? Wani kike nema?"

"Mutum goma sha bakwai nake nema, sha ɗaya suna nan. Kai ne na farko."

"Haba Hajiya, nan ba wurin mata ba ne."

"Ba zama na zo yi ba, ni ka taɓa ganina a zaune? Kai za ka zauna. Ajiye tiyon shishar nan."

Ranar mutum uku suka yarda, sauran suka sulale ta ƙofar baya. Ta dawo Larabar da ta biyo. Ta sake dawowa. Ta je wurin limamin babban masallaci, ta tsaya masa a ƙofar gida har sai da ya yarda ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya kuma nannaɗe hannun rigarsa a harabar masallaci aka auna shi a gaban jama'a. Ta matsa wa mai gidan gurasa ya rage gishirin ƙullu. Ya ce mutane za su gudu. Ta ce ya rage kaɗan kada ya faɗa wa kowa. Ya rage, ba wanda ya lura. A gidan gahawa kuwa sai da ta sa kowa ya haddace abu uku kamar karatun yara: baki ya karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta sarƙe, to ba mai, ba tafarnuwa, a sa mutum a mota. Suna maimaitawa suna kwaikwayon muryarta suna dariya, ita ko a jikinta, in dai sun riƙe.

Mu a asibiti muka fara ganin fuskokin da muka fitar da rai da su. Wasu na shigowa suna huci, "Ga ni, ku faɗa wa matar nan na zo, ta bar mini ƙofar gida." Cikin shekara guda fiye da rabin sunayen takardar sun dawo kan magani. Khalti ta fara jin kanta. Takan dubi mutum daga nesa ta ce wannan ɗari da sittin ne, kuma sau da yawa ta dace.

Sai maganar Bahiyya. Ita ce aminiyarta tun ƙuruciya, tana sayar da albasa da lemon tsami a kan tabarma daf da shagon, shekara talatin suna raba inuwar rumfa ɗaya. Siririyar mace ce mai ciwon suga, ba ta cin gishiri, ba ta da hayaniya. Wata Talata da hantsi ta ce wa Khalti ƙwannafi ya dame ta tun asuba, muƙamuƙinta na mata tsami, ga zufa tana karyo mata alhali ba zafi ake yi ba. Khalti ta zaunar da ita minti biyar cif, ta auna. Ɗari da talatin a kan tamanin.

"Kin fi ni lafiya," in ji ta. "Wake da man da kika ci ne da safe. Je ki gida ki sha na'ana'a ki kwanta, zan kula miki da albasar."

Bahiyya ta tafi. Kafin kiran azahar 'yarta ta same ta a bakin gado ba rai, kofin na'ana'a bai ko huce ba. Zuciya ce.

Bayan an dawo daga maƙabarta Khalti ta zo asibiti, ta ajiye na'urar a teburin Dakta Nirmin, igiyar a naɗe tsaf.

"Karɓi kayanki. Na nakasa ɗaya da rashin sani, na kashe ɗaya da sani. Ya isa."

Likita ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ummu Ridwan, ba ke kika kashe kowa ba. In akwai laifi, nawa ya fi. Na koya miki abin da na'urar nan ke faɗa, ban koya miki abin da ba ta faɗa ba. Zuciya tana iya bugawa jini yana daidai. A jikin mace, musamman mai suga, ba lallai ta zo da ciwon ƙirji ba. Tana zuwa kamar ƙwannafi, ko tsamin muƙamuƙi, ko zufa, ko gajiya. Ya kamata in faɗa miki tun ranar farko."

"To ga shi kin faɗa. Bahiyya za ta ji?"

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Kwana arba'in ba ta taɓa na'ura ba, shagon ma ta bar wa Ridwan. Mahaifiyata ta zaci yanzu kam za ta zauna, amma ina. Da ta gama yi wa Ammu Ashur wanka ta ba shi abinci, sai ta kama bakin tafki, ta yi tafiya har wurin famfunan ban ruwa ta dawo, ta sake komawa. Masunta suna ganinta daga cikin ruwa. Ta wanke gangunan da ba su buƙatar wanki. Ta kwance labulen gidan duka ta sake ɗinkewa. In ta zo wucewa ta wurin da tabarmar Bahiyya take, sai ta sauka titi ta zagaye. Na kai mata na'urar gida sau biyu, ta ce in fitar mata da ita. A karo na uku na ajiye a kan firji na tafi.

Ranar da ta cika arba'in da ɗaya na biya gidan bayan na tashi aiki, don in duba ƙafar Ammu Ashur. Muna tsakar gida sai aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Usta Subhi ne, hannun rigarsa a nannaɗe har kafaɗa.

"Ina daktar gishiri? Wata guda da kwana goma ina zuwa shago, ɗanki na ce mini ba kya nan."

"Na daina," in ji Khalti. "Ga Insaf nan, ita ce mai takarda."

"Ni yarinya ba za ta auna ni ba. Ke kika ce ɗari da casa'in a gaban mutane, ke za ki faɗi na yau." Ya ciro wani kwali daga aljihu ya jefa a kan tabarma, duk gidajen ƙwayoyin a fashe. "Wata bakwai ke nan. A Baltim nake karɓa don kada ki ji ki yi mini dariya. Sigari ma saura biyar a rana. Matata ta ce na zama kamar zaki mai ciwon haƙori."

Khalti ta dubi kwalin, ta dube shi. Ta ce, "Biyar ɗin ma uban me suke yi?" Amma ta riga ta nufi firji.

Ya zauna minti biyar ɗinsa yana karkaɗa ƙafa. Ɗari da talatin da takwas a kan tamanin da biyar. Ya buga cinya ya yi kabbara, har Ammu Ashur ya firgita. Khalti ta fara naɗe igiya, sai Usta Subhi ya miƙe ya nuna mata kujerar.

"Saura ke."

"Ni me?"

"Kin auna liman, kin auna mai gurasa, kin auna rabin garin nan. Ke wa ya taɓa auna ki? Insaf, kin taɓa?"

Kunya ta kama ni, domin ban taɓa ba. Na nema sau da yawa, kullum sai ta ce tana sauri, ni kuma na saba miƙa wuya.

"Ni lafiyata ƙalau," in ji ta. "Kaina ba ya ciwo, ba na ganin..." Sai ta tsaya, don ta ji abin da ke fita daga bakinta.

Ta zauna a bakin kujerar kamar mai shirin gudu. Minti ɗaya bai cika ba ta ce ta bar tukunya a wuta. Na ce babu komai a wuta. Ta ce an bar ƙofa a buɗe kuliya za ta shigo. Usta Subhi ya je ya tokare ƙofar da jikinsa. Ta yunƙura za ta tashi, sai Ammu Ashur ya bugi hannun kujerarsa da hannunsa mai lafiya, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba a kusan shekara arba'in da suka yi tare: "Shi ke nan!"

Ta koma ta zauna. Ɗari da saba'in da biyar a kan ɗari da biyar. Ta ce na'urar ta lalace saboda zaman kan firji. Washegari muka sake da ta asibiti, da jibi kuma. Dakta Nirmin ta rubuta mata magani, ta kuma zaunar da ita, ko in ce ta bi ta tana yi mata bayani a tsaye, kan alamun bugun zuciya ɗaya bayan ɗaya, har sai da ta maimaita su ba kuskure. Larabar da ta biyo ta koma gidan gahawa da sabon karatu, ta kuma ƙara da zagayen gidaje wurin mata, inda takan fara da sunan Bahiyya kafin ta ce komai.

Ammu Ashur ya ƙara shekara uku, ya rasu a lokacin sanyi, ciwon huhu ne ya ɗauke shi. An canza wa Dakta Nirmin wurin aiki, likitoci biyu sun zo bayanta, kowanne ya tarar da Khalti a cikin kayan da ya gada. Bara Mu'allim Fahim yana zuba gahawa butar ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. 'Yan domino ba su tsaya neman man shafawa ba, suka cusa shi a bas ɗin Usta Subhi, wanda ya sauke fasinjojinsa a bakin gada suna zaginsa. Awa ɗaya da minti ashirin suka kai shi. Yanzu yana nan yana zuba gahawarsa, sai ɗan jan ƙafa da ba kowa ke lura ba. Sauran kuwa ba zan iya cewa mutum nawa aka tsare ba, domin wanda abin bai same shi ba ba ya zuwa ya faɗa. Har yanzu akwai masu tsallakawa shagon Garib, akwai kuma waɗanda muka binne da kwalin maganinsu ba a buɗe ba.

Shekararta sittin da shida yanzu. Kowace Alhamis tana bin kwale-kwalen masu kai kankana zuwa wasu ƙananan ƙauyuka a hayin tafki, inda babu asibiti ko ɗaya. Masu tuƙin suna ƙorafi wai ba ta zama wuri ɗaya, wata rana sai ta kifar da su. Jiya da safe ina tsakiyar ɗaure wa wani ƙafa ta leƙo ta taga.

"Insaf, akwai wata mata a hayi, damtsenta ya fi ƙarfin abin ɗaurawar nan, ba ya zagayowa. Ku nemo mini babba kafin Alhamis."

Na ce, "Khalti, sai an rubuta takarda zuwa Kafrush Shaikh, kuma..."

Na ɗago kai, tagar ba kowa. Na hango ta can ta kusa gada, ta tare wani tsoho mai jaki tana nuna masa hannun rigarsa.